Rinin Da Ke Haska Jijiyoyin Ido

Ranar Alhamis a karar Maigatari, gwanin sayen rago yakan ja fatar idon ragon ya leƙa: in wurin ya yi ja, akwai jini, in ya yi fari fat, sai ya ƙara gaba. Jan nan da yake gani dubban ƙananan jijiyoyi ne, sirara har ƙwayoyin jini sai sun yi layi ɗaya bayan ɗaya suke wucewa. Silin gashi ya ninka kaurinsu kusan sau goma.

To, yaya likita zai gan su? Rina su yake yi.

Sunan rinin fulorasin. Wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya haɗa shi a 1871. Abin mamaki, shi ne kuma ya gano yadda ake haɗa shuni ba tare da ganyen baba ba, binciken da ya kai ga shunin kanti a 1897, kishiyar karofi irin na Ƙofar Mata. Halin fulorasin daban ne: a haska masa shuɗin haske, sai ya mayar da kore shar. A sa gilashin da ke tare shuɗin, komai ya yi duhu, wurin da rinin ya shiga kaɗai ke walƙiya.

A ɗakin bincike, ana ɗaura rinin a jikin wani sinadari mai manne wa bangon jijiya, a zuba a kan yankan tsoka da bai kai kaurin takarda ba, a wanke, a duba a madubin likita. Albert Coons ya buɗe wannan hanya a Amurka a 1941. Wankin nan shi ne rabin aikin. In aka yi ha'inci, komai sai ya yi kore.

Wanda ya fi shafar mutanenmu gwajin ido ne, wanda masu bincike biyu, Novotny da Alvis, suka bayyana a 1961. Ana yin allurar rinin a hannu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya isa bayan ido, kyamara na ɗauka. Ciwon suga yana cin jijiyoyin nan shiru, mutum na gani garau. Hoton ne ke nuna inda suka tsiyaye da inda suka toshe. Mai suga a Gumel ko Gagarawa ya kamata a duba masa bayan ido duk shekara, wannan gwaji kuwa sai likitan ido ya ga dalili. Wanda aka yi wa, kada ya tsorata in fitsarinsa ya koma ruwan ɗorawa na kwana ɗaya ko biyu. Ƙoda ce ke fitar da rinin.