Wa ke jinyar mara lafiya, nas ko ɗan'uwa?

Ka leƙa ɗakin kwanciya na babban asibiti a Kano ko Damagaram da tsakar dare, za ka iske tabarmi a gindin gadaje. Masu jinya ne: uwa, ƙanwa, wani lokaci ma kishiya. Su ke wanke mara lafiya, su ba shi kunu, su juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo. Nas kuwa tana zagaye da allura da ledar ƙarin ruwa, ita kaɗai ga gadaje birjik. Abin mamaki, hidimar da 'yan'uwan nan ke yi ita ce masana suka ɗauka a matsayin zuciyar aikin nas.

Virginia Henderson, wata malamar jinya 'yar Amurka, ita ta ba da ma'anar da ta fi karɓuwa, wadda Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta wallafa a 1960. A wurinta, nas ita ce mai yi wa mutum abin da zai yi wa kansa da yana da ƙarfi, ko niyya, ko sani. Ta lissafa buƙatu 14, ciki har da numfashi, ci da sha, kewayawa, barci, tsafta da ibada. Manufar ita ce mutum ya koma tsayawa da ƙafarsa da wuri, in kuma kwana ya ƙare, ya cika cikin natsuwa. Likita cuta yake bi, nas kuma mai cutar. Duk mai kiran nas 'yar aiken likita, a ganina, bai taɓa kwana a asibiti ba.

Hidimar ta girmi takardar shaida nesa ba kusa ba. A Madina, Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Annabi (SAW) inda take kula da masu rauni, kuma can aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ.

Wadda ta mayar da jinya sana'ar da ake shiga aji a koya ita ce Florence Nightingale. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tafi da mata 38 zuwa asibitin sojan Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau. Ta tarar kwalara, taifot da atini sun fi harsashi kisa. Mace-mace ba su ragu sosai ba sai da aka yashe magudanan ƙazanta, aka kuma bar iska ta riƙa shiga ɗakuna a 1855. An fi tuna ta da fitilar da take zagayen dare da ita, amma da alƙaluma ta ci gwamnati gyara. A 1860 ta buɗe makaranta a asibitin St Thomas da ke Landan, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

A makarantar nan Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu daga 1946. Ta dawo gida, ta zama babbar jami'ar jinya ta Najeriya a 1965. Hukumar da ke yi wa nas da ungozoma rajista a ƙasar an kafa ta a 1979. Yau ɗaliban da take yi wa rajista da yawansu hanyar Ingilar suke kamawa, ba kuma kowa ke dawowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa duniya na da giɓin nas miliyan 5.9, akasarinsa a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu.