Mafarauci, Auna Takalminka Kafin Ka Shiga Daji

Da zarar an kammala girbi, gangar farauta kan soma tashi a ƙauyukanmu. Sai ka ga matashi ya wasa adda, ya tara karnuka, amma ƙafarsa sanye da silifa. Wannan sakaci ne babba, domin kububuwa, wadda ke kai jama'a da yawa asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, galibi a ƙafa take sara. Ba a banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su a shekarar 2017.

Abin da ya dace da daji shi ne but mai kaurin fata wanda ya rufe idon sawu, mai ƙasan da ƙaya ba za ta huda ba. Sai dai kauri kaɗai bai wadatar ba. Takalmin da ya matse kan haifar da bororo, wanda ya yi yawa kuwa kan jawo targaɗe.

Saboda haka a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, tare da safar da za a sa. A bar tazarar faɗin babban yatsa a gaba, kada kuma diddige ya riƙa zamewa. Sannan a yi kwanaki ana yawo da shi a gida kafin doguwar tafiya.

Ko a gwanjo za a saya, kada a bi araha kawai. Ƙafar da ta kai mutum daji, ita ce za ta dawo da shi gida.