Lissafin zafin da gida ke zubarwa kafin zaɓen tukunyar ɗumama shi

A Faransa, ba bisa faɗin ɗakuna ya kamata a zaɓi tukunyar ɗumama gida ba, sai bisa zafin da ke fita. Ƙa'idar: faɗin bango ko taga, sau lambar U ta kayan ginin, sau bambancin zafin ciki da waje. A Paris ana ɗaukar digiri 19 ciki, −5 waje, watau bambancin 24. Tagogi murabba'in mita 10 masu gilashi ɗaya (U 5,8) na zubar da wat 1392. Masu gilashi biyu (U 2,8) kuwa 672 kaɗai. Sannan a ƙara sanyin iskar da ke shigowa, wanda ɗalibai suka cika mantawa. Tukunyar da ta wuce ƙima takan yi ta kamawa tana mutuwa, ta ci gaz banza, ta lalace da wuri.