Ba Kowane Ciwo Ne Ido Ke Gani Ba

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fa akwai ciwon da ko kwana kika yi kina kallon fuskar mai shi ba za ki gane komai ba.

A ƙasar Ingila, duk babban kanti ko asibiti za ki tarar an ware wurin ajiye mota daf da ƙofar shiga, an zana hoton keken guragu a ƙasa. Wurin na naƙasassu ne, ba a tsayawa sai da wani shuɗin kati da hukuma ke bayarwa. Tun 1971 aka soma tsarin da kati ruwan lemo, a 2000 aka mayar da shi shuɗi, sannan a 2019 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da masu larurar da ba ta bayyana a jiki, irin su ciwon mantuwa da matsananciyar damuwa. Wanda kuwa aka kama yana amfani da katin wani, tararsa tana iya kaiwa fam 1,000.

To ga inda gizo ke saƙar. Budurwa ce za ta faka motarta a wurin, ta fito tsaf da kwalliyarta, ba sanda ba keke. Nan da nan sai harara ta tashi, wani ya tare ta da faɗa, wani ma ya rubuta baƙar magana ya maƙale mata a gilashin mota, wai ta tare wurin bayin Allah. Alhali kuwa da katinta na halal. Saboda gudun wannan tozarci, wasu kan haƙura su ajiye motar can nesa, su tako da ƙafa, su koma gida su kwana suna juyi.

Ɗauki mai sikila, ciwon da mu nan muka fi kowa saninsa, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu shi a duniya. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, tata kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake, tafiya kaɗan sai haki. Ƙwayoyin kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, har ƙashin ƙugu ya riƙa lalacewa. Sanyi, gajiya ko ƙishirwa kaɗai sun isa su tayar mata da ciwon. Yanzu don Allah wanne daga cikin waɗannan ake gani a fuska? Haka mai ciwon zuciya, haka mai wankin ƙoda.

Mu nan ko ba mu da katin, halin dai ɗaya ne. Ɗalibar da ta kasa shara a makaranta a ce raguwa ce. Wadda ta ƙi tashi ta ba da kujera a mota a ce ba ta da tarbiyya. Amaryar da ta kwanta da rana dangin miji su ce son jiki ne, ko kuma a ce ai jiya mun gan ta a gidan biki tana dariya. To laifi ne don ta samu sauƙin yini ɗaya?

'Yar uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kika ga irin haka ki kame bakinki, binciken kati aikin hukuma ne, ba na masu wucewa ba. Ke kuma mai fama da larurar, kada kunya ta sa ki bar haƙƙinki, kuma ba dole ba ne ki zayyana wa kowane baƙo tarihin ciwonki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya tsare mana harsunanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.