Taho-mu-gama: Me Ya Sa Ƙaramar Mota Ce Ke Shan Wuya a Gaban Tirela?

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyinmu, ta Zariya zuwa Funtuwa ko ta Kano zuwa Maiduguri, ya taɓa ganin wannan abin baƙin ciki: ƙaramar mota a gefen titi ta lotse ta dunƙule, tirelar da suka yi karo kuwa tana tsaye can gaba, in ban da fitilar da ta fashe da bambar da ta lanƙwasa babu abin da ya same ta. Cikin waɗanda suka taru ba ka rasa mai cewa, "Ai babbar ce ta daki ƙaramar da ƙarfin da ya fi nata." Ido ya yarda da wannan magana, amma ba haka abin yake ba.

Ƙarfin da tirela ta daki motar da shi daidai yake da ƙarfin da motar ta daki tirela da shi, ba ƙari ba ragi. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton, masanin lissafi na ƙasar Ingila, ya bayyana a littafinsa Principia a shekarar 1687. Dalilinta ba mai wuyar gani ba ne. Karo guda ɗaya ne, wurin haɗuwa kuma ɗaya ne. Da za a sa sikeli tsakanin hancin tirela da hancin motar a daidai lokacin da suka gamu, lamba ɗaya sikelin zai nuna, ko daga wane ɓangare ka leƙa shi. Ba yadda za a yi wani abu ya tura wani ba tare da shi ma an tura shi daidai wa daida ba.

To, in ƙarfin ɗaya ne, daga ina bambancin ɓarnar ya fito? Daga nauyi. Doka ta biyu ta Newton ta ce idan ƙarfi ya sauka a kan abu, gudun abin zai sauya, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon yadda zai yi taurin kai wajen sauyawa. Ƙarfi ɗaya a kan abu biyu, mai nauyi ya ɗan motsa, mara nauyi ya yi tsalle.

Bari mu sa lissafi a kai, don a nan ne maganar take fitowa fili. A ce tirela da kayanta ta kai kilo 30,000, wato tan 30, motar kuma da mutanen cikinta kilo 1,500. Tirela ta ninka motar sau 20 ke nan. Kowacce tana gudun kilomita 60 a awa, ɗaya ta yi aron hannu, suka yi taho-mu-gama suka manne da juna. Akwai abin da karo ba ya iya ɓatarwa, shi ne jimillar nauyi sau gudu, in an lura da inda kowacce ta dosa. Na tirela 30,000 sau 60 ne, na motar 1,500 sau 60 ta ɗaya ɓangaren. A debe ƙarami daga babba, a raba abin da ya rage da nauyinsu a haɗe, kilo 31,500, sai a samu kusan 54. Ma'ana, bayan karon su biyun za su ci gaba da tafiya inda tirela ta nufa da gudun kilomita 54 a awa.

Dubi abin da ya sami kowa. Tirela ta sauko daga 60 zuwa 54, abin da ta rasa bai kai kilomita 6 a awa ba. Motar kuwa an tsayar da ita cak daga 60, sannan aka mayar da ita baya da 54. Gudunta ya sauya da kilomita 114 a awa, sau 20 na tirela, daidai da yadda tirela ta ninka ta a nauyi. Duk wanda ke cikin motar, wannan sauyi ne jikinsa zai sha.

Yanzu sai lokaci, wanda a ganina shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Jirgin sama yana sauka da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, ya tsaya, fasinja su fito lafiya, domin an shimfiɗa tsayawar a kan daƙiƙoƙi masu yawa. Karon mota kuwa yana farawa ya ƙare cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. In ka cusa sauyin kilomita 114 a awa cikin wannan ɗan taƙi, kowane abu a cikin motar zai ji kamar nauyinsa ya ninka sau 32. Mutum mai kilo 70 zai danna abin da ke gabansa da nauyin da ya haura tan 2. Direban tirela, a daidai wannan lokaci, abin da zai ji bai kai ninki biyu na nauyinsa ba. Zai rankwafa kan sitiyari, ya firgita, galibi ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafafunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwar da ke zaune a kujerar gaba da goyonta a cinya, ta rungume shi da hannu biyu, tana ganin babu inda ya fi nan aminci. Yaro mai kilo 10, a irin wannan karo, zai fizge daga hannunta da nauyin kilo 320, fiye da buhun siminti shida. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, komai ƙaunarta. Ko da karon bai kai haka ba, a ce mota ta daki gini da gudun kilomita 50 kawai, yaron zai koma kamar kilo 140.

Tunda ba a iya rage sauyin gudun bayan an riga an haɗu, duk dabarar masu ƙera mota ta koma kan tsawaita lokacin. Nan ne nake saɓa wa masu cewa motocin da can ƙarfe ne zalla, na yanzu kuwa gwangwani ne, da an taɓa su sai su lotse. Lotsewar da gangan aka yi ta. Wani injiniya mai suna Béla Barényi, da ya yi aiki a kamfanin Mercedes-Benz, shi ya fito da tsarin a yi gaba da bayan mota su riƙa naɗewa, ɗakin fasinja kuma a yi shi da tauri, kuma a 1959 aka fara sayar da mota mai wannan tsari. Yayin da gaban mota ke naɗewa, mutanen ciki suna samun ƙarin lokacin tsayawa. In lokacin ya ninka biyu, ƙarfin da zai sauka a jikinsu ya ragu da rabi. Motar da ta ƙi lotsewa ta tsira da bodinta, amma ta miƙa dukan ga ƙirjin direba.

A wannan shekarar ta 1959 ne kuma Nils Bohlin na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin ya kawo bel ɗin da ke ratsa kafaɗa da ƙugu. Aikin bel ɗin shi ne ya haɗa jikinka da motar, domin ku rage gudu tare. Wanda bai ɗaura ba, mota ta tsaya shi bai tsaya ba. Zai ci gaba da gudunsa na farko har sai sitiyari ko gilashin gaba ya tare shi, su kuwa ba sa ba da lokaci. Hular kwano ta mai babur ma aikinta ke nan: soson da ke cikinta yana matsewa, ya ƙara wa kai ɗan lokaci kafin ya tsaya. Babur da mai shi in sun kai kilo 200, waccan tirela ta ninka su sau 150.

Kada kuma a ɗauka sai tirela na gudu take da haɗari. Wadda ta lalace da dare a tsakiyar hanya, babu fitila, sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya jera a kan kwalta, ita ma tan 30 ce. Motar da ta afka mata ta baya da gudun kilomita 100 za ta rasa kusan 95 nan take. Ga shi gindin tirela ya fi hancin ƙaramar mota tudu, sai motar ta shige ƙarƙashi, wurin da aka tanada don naɗewa bai taɓa komai ba, dukan ya sauka a kan gilashi da rufi. Shi ya sa ƙarfen da ake gittawa a bayan manyan motoci ba ado ba ne, kuma ya kamata jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa duba shi kamar yadda suke duba takardu.

Kai da ke riƙe da sitiyarin ƙaramar mota, nauyin tirela ba a hannunka yake ba, amma gudunka da tazararka suna hannunka. Kada ka yi aron hannu a kwana ko a hawan tudu, ka ba babbar mota wuri, ka ɗaura bel kafin ka tayar da inji, yara kuma a zaunar da su a kujerar baya a ɗaure.