Ranar da Na Bi Mai Gyaran Burtsatsen Sola Zuwa Kajiji

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau labarin wani bawan Allah zan ba ku, wanda na wuni da shi. Ya roƙi kada in faɗi sunansa, amma duk ƙauyen da ya shiga "Injiniya" ake ce masa. Aikinsa gyaran rijiyar burtsatse mai amfani da sola. Ba shi da shago, daga babur sai jakar goyo.

Bayan asuba muka bar Sakkwato, muka bi ta Bodinga, muka wuce Shagari, garin marigayi Shugaba Shehu Shagari, sai Kajiji a kan hanyar Tambuwal. Wata rijiya ce ta kwana tara babu ko ɗigo. Yara sun koma ja da guga, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka. Mai gyaran da aka fara kira ya ce sumo ya ƙone, a haɗa kuɗin sabo, har an fara bi gida-gida.

A hanya na ji tarihinsa. Rediyon mahaifinsa ya fara kwancewa tun yana firamare, ya kuma sha bulala a kai. Da ya gama sakandaren fasaha ya yi shekara biyar a gaban maigidansa yana koyon gyaran janareta. Sola kuwa a gefe yake taɓawa, sai da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya fara gudun janareta, sannan wayarsa ta daina hutawa.

To ga inda ya burge ni. Da muka isa bai ko buɗe jaka ba. Yaron da ke buɗe famfo ya nema, ya tsuguna yana tambayarsa: "Mi ya hwaru kahin ta tsaya? Lokaci guda ta ɗauke, ko tana yi tana yankewa?" Yaron ya ce kwana biyu ta yi tana yankewa da tsakar rana, sannan ta yi shiru gaba ɗaya.

Ya ce min abu uku ne ke kawo ruwan: farantan sola da ke samar da wuta, kwantirola da ke daidaita ta, sai sumo da ke can ƙasa cikin ruwa. Ƙa'idarsa ita ce ya fara daga sama. Ciro sumo aikin ƙarti ne, wuni guda, kuma shi ya fi komai tsada, don haka shi ne na ƙarshe a zargi. Ya ɗora mita a bakin kwantirola: sifili. Wutar ma ba ta isowa, ina laifin sumo?

Farantan nan a jere ake haɗa su kamar carbi, in zaren ya tsinke wuri ɗaya shike nan. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a bayan na huɗu ya tarar da mahaɗin waya ya narke. Ashe tun farko ba a matse shi ba, shi kuma mahaɗi mai sako-sako zafi yake ɗauka, musamman da azahar lokacin da wuta ta fi ƙarfi. Ka ga amsar yaron ke nan.

Na ɗan tsokane shi, na ce Injiniya, da ka ce sumo ne ai ka yi sallah. Ko murmushi bai yi ba. "In na ci su yau, gobe wa ka kirana?" Mai gyaran farko ma bai zage shi ba, cewa kawai ya yi wataƙila ba shi da mita. Amma fa yana da nasa halin: taɓa masa mitar nan ka ga ɓacin rai. Ni ma na sha tsawa.

Kafin ya kunna ya tara 'yan kwamiti. Ya ce ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Ya kuma ja kunnensu kan na'urar da ke kashe sumo idan ruwa ya ja baya. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wasu kan tsallake ta da waya don ruwa ya ci gaba da zuwa. Ruwan ne ke sanyaya sumo. Ya juya a bushe, ranar ce zai ƙone da gaske.

Wajen ƙarfe ɗaya muka ji ruwa ya fara bugun tanki. Yara suka taso da bokitai a guje, ya tare su har sai da jan ruwan ya wuce. Kwamiti suka biya shi kuɗin aiki, wata tsohuwa ta aiko da ƙwaryar fura. Bai kai ga shanyewa ba waya ta yi ƙara, daga Sifawa. Ya goge baki ya ce, "Hau mu tai."