Ruwa Ne Ke Tsayar Da Ranar Zuwa Kallon Namun Daji

Karon farko da na kai iyalina gandun dajin Yankari a watan Agusta ne, domin a lokacin yara ke dogon hutu, ni ma a lokacin na samu sarari. Mun shiga motar zagaya daji da sassafe, muka yi kusan awa biyu ciyawar da ta fi mutum tsawo tana shafar motar hagu da dama. Abin da muka gani bai wuce birai da gadu masu kiwo a kusa da masauki ba, sai kashin giwa ɗanye a kan hanya, wanda mai yi mana jagora ya nuna mana a matsayin shaidar cewa masu shi ba su yi nisa ba. Autata ta dube ni ta ce, "Baba, wai giwar ma akwai ta kuwa?" Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin hutun makaranta na duba na tsayar da rana, ban tambayi lokacin da dabbobin ke fitowa fili ba.

Da damina kowane kwari tafki ne, kowane lungu akwai ɗanyar ciyawa, don haka giwa da ɓauna da gwanki ba su da dalilin zuwa inda mutum zai gan su. Sai su bazu a cikin dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, duhuwa ta rufe su, wasu hanyoyin kuma taɓo ya hana mota bi. Idan rani ya yi nisa, ƙananan tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, itatuwa sun zubar da ganye, ƙishirwa ce ke koro su zuwa kwarin kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa. Saboda haka daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin Yankari, kuma gwargwadon tsananin zafi gwargwadon taruwar dabbobi a mashaya. A ra'ayina Fabrairu da farkon Maris sun fi: hazon hunturu, wanda ke dushe nesa ya ɓata hoto, ya fara yayewa, zafin bazara kuma bai kai ga gallabar yara da tsofaffi ba. Mai iya jure ranar Afrilu zai fi kowa gani, kuma maɓuɓɓugar Wikki, mai ɗumin kusan digiri 31 rani da damina, tana nan tana jiran sa da yamma.

Haka abin yake a gandun Zakouma na ƙasar Chadi, inda ruwa ke mamaye filayen da damina har a daina karɓar baƙi, sai rani ya dawo.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure shi ne idan suka yi niyyar zuwa Kenya ko Tanzaniya, ƙasashen da kalmar safari ta fito. Kalmar Suwahili ce mai tushe a Larabci, 'yar uwar tamu safara. Mutum zai ɗauki lissafin yanayin Kano ko Zariya ya tafi da shi, alhali a can abin kusan a juye yake. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, daidai lokacin da mu muke fama da bazara, sai wata ƙaramar damina wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba, sa'ad da manomanmu ke cikin gona, su rani suke ciki. A wannan tsakanin ne garken wata dabba mai ƙahon sa da gemu, wadda Suwahili ke kira nyumbu, fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi, ke barin filayen Serengeti su nufi arewa zuwa Masai Mara, suna tsallake kogin Mara kadoji na dakon su. Mafi yawan tsallakawar tsakanin Yuli da Oktoba ake yi, amma babu mai iya yi maka alkawarin rana, domin garken ruwan sama yake bi. Wanda ya ce maka ranar kaza za su tsallaka, kujerar mota yake son sayar maka.

Wannan lokacin ne kuma mafi tsada, kuma a bakin kogin za ka tarar da motoci sun yi cincirindo, kowa na miƙa wuya. Da ni za a tambaya, wanda aljihunsa bai yi nauyi ba ya duba ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu a kudancin Serengeti, yankin Ndutu, inda garken ke haihuwa a fili mai gajeriyar ciyawa, zakuna da kuraye na kewaye da shi. Mai zuwa a Yuni ko Yuli kuwa ya riƙe rigar sanyi, domin ƙasar tudu ce, asubahinta na cizo.

Ban ce damina ba ta da nata kyau ba. Daji ya yi shar, masauki kan yi sauƙi, mai son kallon tsuntsaye ba zai dawo hannu rabbana ba. Sai dai mutum ya san abin da ya biya kuɗi ya je gani.

Abin da ya fi damu na shi ne makarantunmu. Sau da yawa sai ƙarshen zangon karatu na uku, wajen Yuli, ake tara kuɗi daga iyaye a kwashi ɗalibai zuwa Yankari. Su sha doguwar tafiya, su yi wanka a Wikki, biri ya fizge wa wani burodi, su dawo gida da labarin cewa babu komai a dajin. Yaron da ya girma da wannan fahimta, wa zai shawo kansa gobe cewa akwai abin da ya cancanci a kare daga mafarauta da masu sare itace? Gandun da aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, bai kamata a gabatar da shi ga yara a watan da ya fi ɓoye abin da ke cikinsa ba. Zangon karatu na biyu, daga Janairu zuwa kusan Afrilu, ya faɗo daidai kan lokacin da ya dace, kuma sauya ranar ba zai ci makaranta ko sisi ba.

Mun koma a wani watan Maris. Tun kafin rana ta ɗaga jagora ya sa direba ya kashe mota a gefen kwarin Gaji, ya ɗora yatsa a baki. Giwaye suka fito daga cikin kurmi a jere, 'ya'yan a tsakiya, suka ratsa hanya a gabanmu ba tare da sun ko waiwaye mu ba. Autar tawa ba ta ce uffan ba har muka isa masauki.